Takobin Haske da Takobin Haɗeja

Idan ana zancen jarumtaka a ƙasar Hausa, ba a daɗewa ba a ambaci Haɗeja ba. Garin Buhari ne, sarkin da ya ja daga da Sakkwato a tsakiyar ƙarni na 19, kuma garin Sarki Muhammadu ne, wanda ya tari bindigogin Turawa a 1906 bai ba da baya ba. Wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, mazajen nan da suka zare takobi, yaya suke sarrafa shi? Ina suke sa ƙafa, ta ina sara yake fitowa, da me suke karewa? Tambayar da ta ɗaga ni daga Kano zuwa Haɗeja a Ƙaramar Sallah ke nan, kuma fim ne ya haifar da ita.

Ina da ɗan ƙanwa a garin, saurayi mai ɗan shagon cajin waya da tura finafinai. Ba abin da yake so irin finafinan duniyar gobe, waɗanda ake yaƙi a sararin samaniya da jirage da mutum-mutumi. Wata rana muna waya ya ce mini faɗan takobin hasken nan na Star Wars ai duk aikin kwamfuta ne. Na ce masa hasken ne kaɗai aikin na'ura. Hannun da ke riƙe da ƙotar na ɗan Adam ne, wani gwani ne ya koya masa, shi kuma gwanin ya gada ne daga al'ummar da ta daɗe da takobi. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Kawu, mu namu fa? Ina gwanayenmu?" Na ce ya saurare ni, ina nan tafe hawan Sallah, mu nema tare.

Motar haya na shiga bayan sallar asuba, muka miƙi titin Haɗeja, muka wuce Gezawa, muka tsaya a Gujungu direba ya ƙara iska a taya. Tafiya ce ta wajen kilomita 200. Bazara ta kankama, gonaki sun yi fari fat, babu abin da ido zai huta a kai sai gawo da kuka da garken awaki. Haka ake tafiya har sai an kusanci kogi, nan ne ƙasar take sauya riga gaba ɗaya: shinkafar rani kore shar, injinan ban ruwa suna ta ƙugi, ga albasa, ga tattasai, ga balbela sun bi bayan masu noma. Kogin Kano da na Challawa ne suke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, shi kuma ya bazu cikin fadamun da suka miƙe har Nguru kafin ya gamu da na Jama'are su nufi Tafkin Chadi. Wanda ya ga wannan ni'ima a tsakiyar rani zai gane dalilin da ya sa aka yi ta zub da jini a kan wannan ƙasa. Inda akwai ruwa da ciyawa akwai doki, kuma doki shi ne ƙarfin yaƙin wancan zamani.

A shagon yaron na fara sauka. Bayan gaisuwa da ruwan sanyi, sai ga abokansa sun cika bencin ƙofa, ashe ya riga ya gaya musu kawunsa zai zo da magana. Ya kunna kwamfutarsa, muka fara daga fim na farko, na 1977, inda tsoho Obi-Wan yake fuskantar Darth Vader. Samarin suka ce wannan faɗa ai ba zafi, tsofaffi ne kawai suke taɓa sanduna. Na ce su dubi hannuwan. Kowanne ya riƙe ƙota da hannu biyu, tsini yana kallon abokin gaba, ƙafafu suna ja a hankali, ba mai tsalle. Tsayuwar masu takobin Japan ke nan, wadda har yau ake koyarwa a wasan da suke kira kendo, inda ake karawa da takobin gora. George Lucas, wanda ya ƙago labarin, masoyin finafinan Akira Kurosawa ne, kuma bai ɓoye cewa wani fim na Kurosawa na 1958, The Hidden Fortress, ya yi masa tasiri ba. Hular ƙarfen Vader kanta daga kwalkwalin samurai aka ɗauko siffarta. Lucas ya so a nuna takobin hasken a matsayin makami mai nauyi da ba a ɗaga shi da hannu ɗaya, ga shi kuma sandunan da aka ba 'yan wasan suna saurin karyewa, shi ya sa faɗan ya zo a natse.

Muka wuce fim na 1980 da na 1983, inda faɗan ya ƙara kaifi. A nan na gaya musu abin da ya fi ba su mamaki: mutumin da ke cikin baƙar rigar Vader a waɗannan karawar ba ɗan wasan fim ba ne da fari. Bob Anderson ne, wanda ya wakilci Birtaniya a wasan takobi a gasar Olamfik ta 1952 a Helsinki, ya kuma daɗe yana horar da 'yan wasan ƙasarsa. Yana dab da shekara 60 lokacin da yake wannan aiki. Ba a sa sunansa a matsayin ba, sai da Mark Hamill, wanda ya fito a Luke, ya fasa ƙwan a 1983 don a ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Duk wanda ya kalli yadda Vader yake kore sara da hannu ɗaya, ba tare da ɓarnar motsi ba, yana kallon aikin mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa a filin takobin Turai.

Na 1999 shi ne abin son samarin, saboda Darth Maul mai takobi baki biyu. Ray Park sunan wanda ya fito a matsayin, tun yana yaro yake wasan wushu, salon faɗan ƙasar Sin, kuma juyin da yake yi da makamin juyin doguwar sanda ne na wannan fanni. Wanda ya tsara faɗan, Nick Gillard, ya ce ya tattaro ne daga kendo, da takobin Turai, da wasan tanis, har da yadda ake saran itace. Daga nan muka leƙa fim ɗin Dune na 2021, inda Roger Yuan ya gina faɗan wuƙaƙen a kan salon mutanen Filifin da ake kira kali ko eskrima. Babu ɗaya daga cikin masu finafinan nan da ya zauna ya ƙirƙiri faɗa da ka. Kowanne da ya so ya nuna duniyar da ba a taɓa gani ba, sai ya koma wajen tsofaffin al'adu ya roƙi aro, domin jikin mutum ba ya yarda da ƙarya: idan motsi ba shi da asali, ko yaro zai gane wasa ake yi.

Ranar hawa muka fita da wuri muka sami wuri kusa da fada. Hawan Haɗeja ba ya buƙatar talla. Bindigogin gargajiya suna tashi, kakaki da algaita da tambari suna amsawa, hakimai suna wucewa kowa da zugarsa, dogarai cikin ja da kore, har Mai Martaba Sarki Adamu Abubakar Maje ya fito ƙarƙashin laima gari ya ɗauka. Ni dai takubba nake bi da ido. Ga su nan birjik, rataye a kafaɗa da hamila, kube ya sha ado. Ga 'yan lifidi, su da dawakinsu a naɗe, ga sulke yana ƙyalli, ga kwalkwali da gashin jimina. Lokacin jahi mahaya suka sako dawaki a guje, ƙura ta turnuƙe, suka ja linzami dab da gaban sarki, wasu suka ɗaga takobi sama suka jinjina. Gwanintar hawan doki tana nan da ranta, ba ta ragu ba. Yaro ɗan shekara goma sha yana tsai da ingarma cak a inda ya so. Amma takobin, daga kube zuwa sama yake zuwa, daga sama ya koma kube. Ana ɗaga shi, ana jinjina shi, ana girgiza shi. Ban ga wanda ya nuna sara da karewa ba, ko da na wasa.

Washegari wani abokin yaron ya kai mu cikin gari wurin kakansa, dattijon da ya yi shekaru yana kula da dawaki a gidan wani hakimi. Muka same shi a zaure kan buzu, muka durƙusa muka gaishe shi. Da ya ji abin da ke tafe da mu, sai ya aika aka ɗauko masa wani abu naɗe cikin tsohon zane. Takobin kakansa ne. Ya zare shi a hankali ya miƙo mini ta ƙota.

Miƙaƙƙe ne, baki biyu, tsawonsa bai kai mita ɗaya ba sosai. Ruwansa yana da faɗi daga wajen ƙota, ya tafi yana sirancewa, da ramuka uku sirara a tsakiya. Kusa da ƙotar akwai tambarin jinjirin wata guda biyu da suka kusa shafewa. Ƙotar gajera ce, ta hannu ɗaya, an naɗe ta da fata da ta yi baƙi saboda gumi, kuma abin da ya gitta don kare hannu ɗan ƙarami ne. Ban zaci zai yi sauƙin ɗauka haka ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina bakinsa ne na gaba: ba shi da tsini irin na mashi, a zagaye yake, wasa da dutse na shekaru ya cinye shi.

Na ce, "Baba, wannan ai ba zai soki mutum ba."

Ya ce, "Ba don suka aka yi shi ba, ɗana. Suka aikin mashi ne. Wannan sara yake yi."

Daga nan ya shiga ba mu abin da ya ji daga bakin kakansa. Barde da mashi yake fara shiga, sai an cakuɗe ko mashin ya tafi sannan a zare takobi. A kan doki ba ƙarfin dantse ne yake sara ba, gudun dokin ne. Kai dai ka miƙe a kan likkafa, ka daidaita kaifin, ka bar dabbar ta kai shi. Kariya kuwa aikin garkuwa ce da ke hannun hagu, shi ya sa maƙeri bai wahalar da kansa wajen yi wa ƙota babban makari ba. Dakaren da ke ƙasa, idan ya rasa yadda zai yi da mahayi, ƙafar doki yake nema. Yaron ya ciro waya ya nuna masa Luke da Vader suna ta haɗa takubba, tartsatsi yana tashi. Dattijon ya kalla har ƙarshe, ya yaba ƙafar mai baƙaƙen kayan, ya ce wannan ya san inda yake takawa. Sai dai ya ce da ƙarfe ne a hannunsu, da tuni sun mai da shi zarto, don ba mai hankalin da zai riƙa tarar kaifi da kaifi. Gaskiyarsa. Mai tsara faɗan fim yana so a daɗe ana karawa don mai kallo ya more, saboda haka sau da yawa takobin abokin gaba ake nufa, ba jikinsa ba. Faɗan gaske ba ya ɗaukar wannan lokaci.

Na roƙe shi ya nuna mana ko da sara ɗaya. Ya miƙe da ƙyar, ya karɓi takobin, ya ɗaga hannun hagu kamar mai riƙe da garkuwa, ya sauko da sara daga kafaɗar dama zuwa ƙugun hagu, ya juya wuyan hannu ya dawo da shi ta ƙasa. Tsufa ya ci jikin, amma ƙugu ne ya fara juyawa kafin hannu ya bi. Ya sake yi sau ɗaya ya zauna. Ya ce iyakar abin da ya kama ke nan, shi ma yana yaro ya ga ana yi a bayan barga da karan dawa, ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa. Na tambaye shi ko cikin jikokinsa akwai wanda ya iya. Ya ce ba wanda ya taɓa tambaya.

Irin takobin nan shi ne Buzaye suke ratayawa, kuma shi ne ya mamaye ƙasar Hausa da Barno. Ruwansa sau da yawa ba a nan aka ƙera shi ba. Heinrich Barth, Bajamushen da aka sani da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya kuma ƙiyasta cewa ana shigo da ruwan takobi wajen 50,000 a shekara, akasari daga garin Solingen na Jamus. Fatake su keto Sahara da su, maƙeran Kano su sa ƙota, dukawa su ɗinka kube, sannan a bazu da su kasuwanni. Abin sha'awa, a can ɗaya gefen wannan Saharar, a Tunisiya, aka ɗauki hotunan hamadar da Luke ya tashi a cikinta. Ƙarfen na Jamus ne, amma hannun da ya san yadda ake aiki da shi a kan dokin Haɗeja na nan ne, kuma shi ne abin da ba a sayowa a kasuwa.

Maganar lifidi ma ta buɗe mini ido a kan Dune. A labarin, wanda Frank Herbert ya wallafa a 1965, kowane mayaƙi yana da wata kariya ta lantarki da ke tare duk abin da ya zo da gudu, harsashi ne ko sara, sai wuƙar da aka tura a hankali ce take ratsawa. Wannan ne ya tilasta wa mutanen da ke da jiragen sama jannati komawa faɗan wuƙa. Marubucin ya fahimci abin da kowane tsohon barde ya sani, wato kariya ce take tsara yadda faɗa zai kasance. Lifidi, wanda ake cusa wa audugar rimi a ɗinke, yana shanye kibiya, har mai dafi. Amma yana da nauyi, yana gajiyar da doki, wanda ya faɗo a cikinsa tashi sai da taimako, kuma babban maƙiyinsa wuta ce. Don haka 'yan lifidi suke da wurinsu a sahu, 'yan baka suke da nasu, sauran barade masu sauƙin kaya su ma da nasu. Ilmi ne cikakke, da lissafi a cikinsa. Da shi Buhari ya tarwatsa rundunar da aka haɗo masa a Gamon Kafur, ya riƙe Haɗeja a hannunsa har rasuwarsa a 1863.

Da yamma muka zaga ragowar ganuwa, inda gidaje da shaguna suka cinye mafi yawanta. A nan ne zancen 1906 yake daina zama labarin littafi. Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, amma Haɗeja ta ci gaba da ɗaga kai har bayan rikicin Satiru. A ranar 25 ga Afrilu, 1906, rundunar Turawa ƙarƙashin Kanar Lowry Cole ta iso bakin gari. Aka aika da manzo da sharuɗɗa, aka mayar da shi da mari. Mahayan Haɗeja suka fito suka tari bindiga mai ruwa da mashi da takobi, aka yi sa'o'i ana gwabzawa a cikin lunguna har zuwa fada. Sarki Muhammadu ya faɗi tare da 'ya'yansa da manyan bayinsa da sarakunan yaƙinsa, shi ya sa har gobe ake kiransa Mai Shahada. Ina tsaye a wurin ina tunanin cewa a yini guda an rasa sarki, an kuma rasa ɗimbin mutanen da ilmin takobi yake jikinsu. Waɗanda suka saura sun wayi gari a duniyar da ba a buƙatar wannan ilmi, sai takobi ya koma kayan ado na ranar Sallah.

Mutum zai iya cewa ai haka zamani ya gada, bindiga ta zo takobi ya tafi. Ban yarda ba, kuma dalilina yana cikin finafinan da muka kalla a shago. Japan ta hana samurai yawo da takobi tun 1876, shekara 30 kafin yaƙin Haɗeja. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ma an hana kendo na wasu shekaru, amma a 1952 suka kafa ƙungiyarsa ta ƙasa, yau ana koyar da shi a makarantu da wuraren horar da 'yan sanda. Mutanen Filifin sun adana nasu da sanduna a ƙarƙashin mulkin mallaka, a 2009 suka mai da shi wasan ƙasa da doka. Misirawa suna da wasan sandarsu, tahtib, wanda UNESCO ta sa a jerin kayan gadon duniya a 2016. Turawa da tsohon salonsu na yaƙi ya mutu murus sun koma sun tono tsofaffin littattafai, har da wani na wajen shekarar 1300 da ke ajiye a Leeds ta Ingila, suna farfaɗo da shi motsi bayan motsi. Kai, a 2019 hukumar wasan takobi ta Faransa ta amince da karawa da takobin haske a matsayin wasa mai dokoki. Duk waɗannan mutane bindiga ta riske su kamar yadda ta riske mu. Bambancin shi ne sun raba ilmin da kisan, suka ajiye kisan, suka riƙe ilmin. Da Lucas ya tashi nema, ya tarar da malamai a raye.

Mu ma muna da hujja a gida. Dambe bai mutu ba, domin yana da fili, da dokoki, da makaɗa, da 'yan kallo masu biyan kuɗi. Da aka zo shirya Black Panther na 2018, dambe yana cikin salon faɗan Afirka da aka ruwaito marigayi Chadwick Boseman ya yi atisaye a kai, tare da wasan sandar Zulu da kokawar Senegal. Abin da aka raya shi ake ara. Wanda aka bari a cikin kube ba mai sanin yana nan.

Kafin in bar gari na sauka bakin kogi, don ba a zuwa Haɗeja a koma ba a ga ruwa da kasuwar kifi ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta sauya, ciyawar kacala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyi da dama, ta hana masunta da manoma sakat. Na tarar da wasu mutane tsundum cikin ruwa har ƙugu suna saranta don buɗe wa gonakinsu hanya. Na daɗe ina kallon ɗaya daga cikinsu, magidanci siriri. Hannun hagu ya tattaro ciyawar, ƙugu ya juya, adda ta sauko a karkace ta wuce, wuyan hannu ya dawo da ita ba tare da ya tsaya ba. Ba ya huci, ba ya ɓarnar ƙarfi. Juyin ƙugun nan shi ne na gani a zauren dattijo. Ashe ba banza ba Gillard ya ari yadda ake saran itace. Jikin mutanenmu bai manta sara ba: yana wurin mai adda, yana wurin makiyayin da ke juya sandarsa, yana wurin 'yan takai da ke haɗa sanduna gaba da baya a kan kiɗa ba tare da an bugi yatsan kowa ba, yana wurin 'yan tauri. Guntaye ne a warwatse, amma wanda ya tattara su ya haɗa da abin da tsofaffi suka riƙe, da siffar makaman kansu, zai fitar da abu mai yawa.

Na san abin da wasu iyaye za su ce, kuma ba na raina shi. Garuruwanmu suna fama da 'yan daba da masu ƙwacen waya, yara suna yawo da wuƙaƙe da barandami, wa zai so a ƙara koya musu sara? Amma yaran nan ba a makaranta suka koyi abin da suke yi ba, rashin makarantar ne ya bar su da makami ba tarbiyya. Duk inda aka mai da takobi wasa, da sanda ake yi, da kariya a jiki, da malami a tsaye, da gaisuwa kafin a fara da bayan an gama. Ɗalibin kendo yana rusunawa abokin karawarsa kafin ya ɗaga gora. Mu ma barde ba ɗan ta'adda ba ne, mutum ne da ya san wa yake yi wa biyayya, ya kuma san lokacin da ake mayar da takobi kube.

Masana tarihi sun yi nasu ƙoƙarin. Victor Low ya tattara tarihin baka na Haɗeja da Katagum da Gombe a littafinsa na 1972, Joseph Smaldone ya yi rubutu a kan yaƙi a Daular Sakkwato a 1977, shekarar da Star Wars ya fito. Sun rubuta sunayen makamai da tsarin runduna da wa ya ci wa. Amma takarda ba ta riƙe motsi, kyamara ce take riƙewa, kuma yau tana aljihun kowane saurayi. A Disambar 2024 UNESCO ta karɓi hawan Sallar Kano cikin kayan gadon duniya, alamar cewa duniya tana kallon dawakinmu. Masu shirya finafinanmu na Kano kuwa, duk lokacin da suka tashi yin fim na sarauta da yaƙi, sai ka ga jarumi yana wulwula takobi irin na finafinan Indiya ko na Sin, ba garkuwa, ba mashi, ba tsarin sahu, alhali abin da zai bambanta su da kowa a duniya yana nan kilomita 200 daga ofisoshinsu.

Kirana ga Masarautar Haɗeja, da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, da Kwalejin Binyaminu Usman da ke cikin gari, shi ne su tura ɗalibai da kyamara gida gida, wurin tsofaffin 'yan lifidi da masu kula da barga da maƙera da dukawa, a ɗauki kowane sara da kowace tsayuwa da suka tuna, a auna takubban gado a ɗauki hotonsu. A ware fili a ranakun hawa inda samari za su nuna sara da karewa da sanda da garkuwa. Masu fim kuma su zo Haɗeja kafin su kunna kyamara. Kai ma mai karatu, idan akwai takobi a gidanku, akwai kuma tsohon da ya san labarinsa, kada ka jira wata hukuma: je ka gaishe shi a wannan makon, ka roƙe shi ya tashi ya nuna maka, ka ɗauka a wayarka.